Waken Iya Marka

To, ku zauna mana, tsayuwar ta mece ce? Nafisa, ajiye wayar nan, ba gudu za ta yi ba. Kai kuma Ishaku, ɗaga min daga kan turmi, ba a zama a kansa, ga kujera can jikin randa. Tun da kuka kama ɗakuna a gidan nan ban taɓa ganin ɗayanku ya leƙa lambuna ba, sai dai in zai shanya wando a kan danga. Yau da tumatir ya yi tsada a kasuwar Samaru, sai ga ku da bidiyo. Na kalla, ai kun nuna min. Wata baiwar Allah ta zuba ƙasa a buhu, ta jefa iri, ta juya baya ta juyo, sai ga tumatir jajawur har yana rinjayar reshe, ita kuwa ko farcenta bai yi datti ba. Nafisa ta ce min, "Mama, ai simful ne." Simful! Ashe duk shekarun nan wahalar banza na sha, aka rasa mai gaya min.

Ba zan hana ku ba, iri ma zan ba ku. Amma sai kun ji labarinsa tukuna, don ba na damƙa wa mutum abin da bai san darajarsa ba.

Kada ku ga tafin hannuna ya yi kanta ku ɗauka da fartanya aka haife ni. Ni 'yar Sabon Gari ce. A shagon babana na tashi, inda komai sai an auna an ƙunsa a takarda. Har na yi aure ban san kuɓewa sama take kallo ba in tana jikin uwarta, na zaci reto take yi kamar yalo. Malam Garba, Allah Ya ji ƙansa, direba ne a jami'a, shi ya kawo ni nan Bomo lokacin duk wurin nan gonaki ne, babu waɗannan ɗakunan hayar da kuke kwana a ciki. Albashi kuwa yau ya zo, gobe a ce a yi haƙuri. Yara kuma cikinsu bai san wani haƙuri ba.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Iya Marka, gajeruwa, bakinta ja da goro, ba ta da wasa ko kaɗan. In miya ta gagare ni sai in ɗauki ƙoƙo in shiga wurinta in ce ta sam min busasshiyar kuɓewa. Ta ba ni yau, ta ba ni jibi. Wata rana na shiga da ƙoƙona kamar kullum, sai ta karɓe shi ta kife a ƙasa, ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar fartanya ta miƙo min.

Na ce, "Iya, kuɓewa fa na ce."

Ta ce, "Ita na ba ki, Habi. Sai dai za ta ɗan jima kafin ta iso."

Fartanyar ce waccan da ke rataye a rumfa. An sake mata ƙota ban san iyaka ba, bakinta ya cinye har ya kusa komawa cokali, amma ba na ba da aronta.

Aikin farko da Iya ta sa ni ba shuka ba ne, kwasar kashin awaki ne. Tsintsiya da tsohon daro, gida-gida, ni da nake ji da kaina 'yar birni. A tara shi a rami, a haɗa da toka da sharar tsakar gida, a yayyafa ruwa a bar shi ya ruɓe. Kashin kaji kuwa in ka zuba shi ɗanye a gindin shuka, da safe za ka tarar ya ƙone ta ƙurmus. Nafisa, kin ga kina yatsina fuska? Matar bidiyonku ma ta kwasa, wurin ne ta yanke ba ta nuna muku ba. Daga nan sai huɗa. Ranar da na fara riƙe garma, kafin azahar hannuna ya yi bororo duk biyun, bayana ya ƙi miƙewa. Iya na biye da ni tana tauna goronta, ta tsaya kan kunyar da na fi alfahari da ita ta ce, "Wannan kunya ce ko kabarin ƙadangare?" Ta sa na rushe na sake.

Amma shuka ba ita ce wahalar sana'ar nan ba. Da damina kowa yana da miya, ko jikin katanga ka duba za ka tsinci alayyafo. Abin da Iya ta koya min shi ne yadda za a yi tukunya ta ci gaba da tafasa a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, tumatir ɗaya a kasuwa sai an yi masa kallon zinare.

Kuɓewa da sanyin safiya ake tsinkarta, da riga mai dogon hannu, in ba haka ba ƙaiƙayi zai sa ki yi rawar da ba a kiɗa ba. Ki karya tsininta: in ya ɓalle ɗas, ta yi, in ya lanƙwashe, ta tsufa, bar ta ta zama iri. A yayyanka siriri-siriri, a baza a tabarma. Ban da kan rufin kwano, yana soya ta ta yi baƙi, yauƙin ya mutu. Kuma tun da ƙarshen damina ake shanyarta, idonki ɗaya na kan tuwo ɗaya na kan gabas, hadari na haɗowa ki bar komai ki ruga. Na sha barin tuwo ya kama saboda kuɓewa, Malam ya ci da ƙaurinsa haka. Ganye kuwa, rama da zogale da yakuwa, a inuwa ake shanya su inda iska ke ratsawa. Ki kai su rana su koma kalar ciyawar jaki, ɗanɗanon ma haka.

Tumatirin farko da na shanya ba zan manta da shi ba. Da rani ne, da ruwan rijiya na raine shi, guga bayan guga. Na raba kowanne biyu, na jera su cikinsu na kallon sama yadda aka koya min, gwanin sha'awa. Abu ɗaya na raina, kwashewa kafin raɓa ta sauka. Na ce ai gobe ma rana za ta fito. Bayan 'yan kwanaki duk ya yi fumfuna, wari kamar an jiƙa tsohon takalmi. Iya ta ɗauki ɗaya ta shinshina ta ce, "Kai wa kaji. In sun karɓa ki yi musu godiya." Ko kajin ba su karɓa ba.

Da hannuna ya faɗa, abin ya fara fin ƙarfin tukunyarmu, sai na soma kaiwa kasuwa, nan Samaru da can Sabon Gari. Masu tuwo-tuwo su sayi kuɓewa da kuka, matan Yarabawa da na Ibo su kwashe barkono, ɗalibai irinku su zo su ce a ba su "na miya ɗaya". Amma Iya ta kafa min doka: ba a fitar da ko ƙoƙo ɗaya sai an ware na gida wanda zai kai wata kakar. Ta ce wadda ta sayar da shanyarta da kaka, da bazara za ta dawo ta saye ta a hannun wani tana ba shi haƙuri.

Sai da na daɗe ina binta kafin ta nuna min wakenta. Ƙanana ne, fari mai ɗigo-ɗigon ja, kamar ƙwan zabuwa. Ba ya cika ido, a kasuwa ma wuce shi ake yi a nufi manyan fararen nan. Amma yana riga kowane wake nuna. Daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai iso ba, shi ke tsayawa tsakanin yara da yunwa. Ba ya cin itace wajen dahuwa, ganyensa miya ne, harawarsa ta awaki. Ta ce a wurin kakarta ta gaje shi, kuma ba shi da suna. Mu muka sa masa ɗan Marka.

Ranar ajiyar iri Iya ba ta son surutu. Tun a gona ake zaɓe, kwanson da ya fi tsawo da cika, daga gindin da bai taɓa ciwo ba. A shanya har sai ƙwaya ta ce ƙas a haƙori. A tankaɗe toka mai sanyi, a cuɗa waken da ita har ya yi fari fat, a ɗura a ƙaramin tulu, a cika da toka har wuya, a kifa kasko a baki a liƙe da laka. Ƙwaro ba ya rayuwa a ciki. Ishaku, na ga bakinka na motsi, za ka ce akwai buhun nan mai leda a ciki. Akwai, ina da shi, 'yata Sadiya ta kawo min, kuma wallahi yana aiki, waken ci a ciki nake zubawa yanzu. In sabon abu ya fi na da, ba na gardama. Amma irina a tulu yake kwana, don ban taɓa ganin ɓeran da ya huda tulu ba.

Sai doka ta biyu. Iya ta ce iri ba a sayar da shi, kuma ba a barinsa a gida ɗaya. Duk kaka sai ka ɗiba ka ba wani wanda ba tukunyarku ɗaya ba. Ni a lokacin na ɗauka sadaka ce kawai irin ta tsofaffi.

Cikin masu sayen kayana a kasuwar Sabon Gari akwai wata da in na hango lemarta sai in ce, "Wayyo, yau na shiga uku." Malama Rifkatu, malamar firamare, mutuniyar kudancin Kaduna, doguwa mai tabarau. Ta shinshina kuɓewa, ta murza tumatir a yatsa ta ji ko da yashi, ta lashi barkono, sannan ta gyara tsayuwa ta fara ciniki kamar gida za ta saya. In an daidaita da ƙyar ta ce, "Maman Sadiya, ina gyara?" In na ƙara mata ta leƙa ta ce, "Wannan gyara ne ko magani?"

Wata rana Iya ta biyo ni kasuwar za ta sayi rariya, tana zaune gefena sai ga Malama. Na zo da ragowar ɗan Marka na ci a ƙwarya. Malama ta ɗebo a tafin hannu, ta cire tabarau ta mayar. Ta ce ya yi kama da wani da mahaifiyarta ke shukawa jikin danga a garinsu, a auna mata za ta gwada shukawa.

Iya ta ce, "In na shuka ne, ba na sayarwa ba ne. Habi, ɗibar mata."

Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Iya, matar nan gidan haya take, siminti ne har bakin ƙofa. Ina za ta shuka? Dafawa za ta yi."

Ta ce, "Ɗibar mata na ce. Da hannu biyu."

Na ɗiba ina ƙunƙuni. Iya ta zaunar da malamar makaranta guda a kan buhu ta karanta mata karatun toka daga farko har ƙarshe. Malama ta ƙulle waken a bakin gyale, ta yi godiya, ta miƙe, sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Ina gyara?" Ranar ce kaɗai na ga haƙoran Iya Marka a waje don dariya.

Shekarar da Iya ta rasu ita ce mummunar shekararmu. Da farkon damina ta tafi, kamar ta san abin da ke tafe. Ruwa ya fara lafiya lau, sai da wake ya yi fure ruwan ya ɗauke cak. Masara ta bushe a tsaye. Ɗan furen da ya tsira tsutsa ta bi shi. A wurin aikin Malam kuma aka shiga yajin aiki, albashi ya tsaya. Shanyar nan da kuke rainawa ita ta riƙe gidan nan: yau miyar kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, gata a sake komawa kan kuka. Ɗan Marka da na samu a gonar gaba ɗaya bai cika ƙaramin daro ba. Na tsince masu kyau na cuɗa da toka na liƙe a tulu, na tura can ƙuryar sito.

Yara sun san yana nan. Autana ya ce, "Mama, ga wake a tulu muna ta cin ganye kamar awaki?" Har Malam da ba ya sa min baki a harkar lambu, wata rana ya ce, "Habi, ko kaɗan ne ki ɗiba musu mana." Na ce, "Malam, abin da ke cikin tulun nan ba abincin bana ba ne, na baɗi ne." Haka na tsare shi wata da watanni, ina jin kukan cikin 'ya'yana ina kau da kai. Ya yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Da rani aka yi bikin Sadiya. An riga an sa rana tun kafin abubuwa su lalace, dangi suka haɗa hannu aka yi abin da za a iya. To, kun san uwar amarya ba ta taɓa ludayi ranar biki. Aka zaunar da ni a ɗaki, aka naɗa min ɗankwali kamar rumfar kasuwa, aka ce in na leƙa madafi an yi faɗa da ni. Girki na hannun ƙanwar Malam, Gwaggo Asabe, ita ma 'yar Sabon Gari irina ta da, mace mai zafin nama, ba ta son a ce an zo gidan yayanta an tashi da yunwa. Dangin ango kuwa tun da hantsi suka fara sauka daga Jushi, mota bayan mota, kamar an yi musu shela a rediyo.

Da la'asar aka shigo min da alala a kwano. Na kai loma na ce, "Kai! Wa ya yi wannan? Allah Ya yi masa albarka." Ga laushi, ga garɗi, rabona da irinsa har na manta. Na ƙara loma, na ƙara. Sai hannuna ya tsaya a hanya. Na san ɗanɗanon nan. Na miƙe da ɗankwalina kamar rumfa, mata na "Ina za ki, uwar amarya?", na wuce su. A bakin magudana na tarar da awaki na cin ɓawon wake, fari mai ɗigo-ɗigon ja. Na leƙa sito. Ga tulu kwance, ga laka a farfashe.

Sai ga Gwaggo Asabe tana share gumi da haɓar zani, fuskarta fal murna. Ta ce, "Yaya Habi, ke ma dai da ɓoyo! Baƙi sun cika gida, waken da aka sayo ya ƙare, ashe kin liƙe wani a tulu? Allah Ya so na gani. Amma tokar nan ta ba mu wuya, mun wanke mun wanke kamar ba za ta fita ba."

Me zan ce mata? Don ta fitar da ni kunya ta yi, kuma a inda muka tashi ni da ita, wake wake ne, ba a san wani na shuka daban ba. Na koma ɗaki na zauna hawaye na bin fuskata. Mata suka kewaye ni suna, "Allah sarki, rabuwa da 'ya akwai wuya, yi haƙuri, ai Jushi nan kusa ne." Na bar su a haka. Washegari na tankaɗe tokar da aka zubar kaf, ban samu ko ƙwaya mai rai ba, sai 'yan ɓarasai.

Abin da yunwa ba ta ci ba, biki ya cinye, har da ni a masu ci, har da sa albarka.

Kafin ruwa ya sauka na shiga nema. Na fara da gidan Iya. 'Ya'yanta sun sayar da gonar, har an fara jera bulo, surukarta ta ce ragowar waken tun sadakar arba'in aka dafa. Na je wurin wata maƙwabciya da na taɓa ɗibar wa, ta ce ai ta daɗe da komawa babban farin nan, shi ake so a kasuwa. Duk wanda na tuna, ko ya dafa, ko fari ya cinye masa. Saura mutum ɗaya, wadda na rantse tun a kasuwa cewa dafawa za ta yi. Na kuma daɗe ban ga lemarta ba. Na bi layin 'yan manja ina tambaya, wata ta kwatanta min da turancin kasuwa da nuni da hannu, cewa Ticha ta yi ritaya, gwiwa ta zaunar da ita, gidanta na bayan coci.

Na yi sallama na shiga. Siminti ne har bakin ƙofa kamar yadda na faɗa. Amma jikin katanga daga wannan kusurwa zuwa waccan tsofaffin buhuna ne da fasassun bokitai cike da ƙasa, an ɗaura igiyoyi daga bakinsu har rufin kwano, busasshen yaɗo na naɗe a jiki. Kun ji ko? Noman buhun naku ba yau aka fara shi ba, kuma yana yi. Tana zaune ta ɗora ƙafa a kan kujera, tana ganina ta ce, "Maman Sadiya! Yau kasuwa ce ta biyo ni har gida?"

Na zauna na ba ta labari tiryan-tiryan. Da na zo kan alala ta yi dariya har sai da ta cire tabarau tana share ido. "Kika ci? Kika kuma sa albarka? Kai, Maman Sadiya!" Da na ce mata Iya ta rasu, dariyar ta tsaya. Sannan ta jawo sanda ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da kwalbar lemo an toshe bakinta da totuwar masara, cike da toka.

Ta ce, "Duk shekara ina shuka shi, yana hawa igiyoyin nan har sama. Amma damina biyu ke nan gwiwa ta hana ni. Ban sani ba ko da sauran rai a jikinsa."

Ta zazzage a faifai, ta busa tokar, sai ga ɗigo-ɗigon ja. Wallahi sai da na ji kamar Iya ce ta shigo ta zauna. Ta raba biyu da gefen hannunta, ta tura min rabi ta ce, "Wannan zan riƙe. Tsohuwar ta ce kada a bar shi a gida ɗaya." Ni kuma don ruɗewa na kai hannu ina kwance bakin zani zan ba ta wani abu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "In na shuka ne, ba na sayarwa ba ne. Ke da aka faɗa a gabanki?" Sannan ta tsakuro 'yan ƙwayoyi daga nata rabin ta ɗora a kan nawa. "Ga gyara. Kin ga yadda ake yi, ba sai an roƙa ba."

Da ruwa ya zauna na shuka shi a wurin da Iya ta fara sa ni huɗa. Kullum da safe ina tsugune a kan kunyoyin ina leƙe. Kwanakin da ya kamata ya fito suka wuce, ƙasa shiru. Na tona rami ɗaya na tarar ƙwayar ta ruɓe, na mayar da ƙasa ban sake tonawa ba. Malam ya ce, "Habi, kallo ba ya fitar da shuka, zo ki karya." Sai wata safiya na ga ƙasa ta tsage a wuri ɗaya, ga wani ɗan kore ya sunkuyar da kai yana turowa. Can gaba ga wani. Yawancinsu ba su tashi ba, waɗanda suka tashi ko kunya ɗaya ba su cika ba. Na kewaye su da ƙaya, na kifa musu tsofaffin kwanduna saboda kaji, akuyar da ta kusanto wurin kuwa ta san ta gamu da ni. A shekarar ko ƙwaya ɗaya ba mu kai baki ba, duka iri aka mayar.

Da kaka na ɗibi na farko na kai wa Malama Rifkatu sabo, na cika mata buhunanta da taki da hannuna. Na biyu kuwa Gwaggo Asabe na kai wa, na gaya mata abin da ta dafa mana. Ta ɗora hannu a ka ta yi ta salati. Yau ku je gidanta ku taɓa tulunta ku gani, sai ta kusa cire muku hannu.

To, ga shi nan, ɗazu na fasa tulun saboda ku. Nafisa, buɗe hannu. Biyu na ce, wa ya koya miki karɓa da ɗaya? Ishaku, kai ma matso. In ya yi, ku ci, ku ware iri, ku cuɗa da toka. In an yi hutu ka kai wa mahaifiyarka, ke kuma ki ba wata ƙawarki da ba garinku ɗaya ba, ko da wadda ba kya shiri da ita ce. Iya Marka ba ta bar hoto ba, gonarta ta zama ɗakunan haya, kabarinta ma yau ba zan iya nuna muku daidai inda yake ba. Abin da ya rage nata a duniya shi ne wannan da ke tafin hannunku, don haka ki matse yatsunki, Nafisa, kina zubarwa.

Tsaya, ga gyara.

Yanzu ku je ku adana shi inda babu mai yi muku alala da shi, ku dawo. Ga tsintsiya can, ga daro. Awakin maƙwabta sun kwana suna yi muku aiki.